Ranar da Na Kwantar wa Inna Hadiza da Hankali

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da yake in za a bi gaskiya ban tabbata Talata ce ba, wata da take wurin ta rantse Laraba ce. Shekaru sun ɗan ja, kuma na lura kunya tana goge wasu wurare a ƙwaƙwalwa, ta ƙara wa wasu launi. Saboda haka abin da zan ba da labarinsa, a iya tunanina haka ya faru. In na kauce a wani wuri, ba da gangan ba ne.

A lokacin na gama jami'a nan Yamai da digirin lisansi a harshen Ingilishi, ina zaune a ɗakin wani ɗan'uwana kusa da Petit Marché, ina jiran aikin da bai san ina jiran sa ba. Sai aka ce wasu likitoci baƙi za su zo wani ƙaramin asibiti su yi mako biyu suna aikin fiɗa, kuma ana neman tafinta, domin ba su jin Faransanci sosai, balle Hausa ko Zabarmanci. Na kai takarduna, aka ɗauke ni. Aka haɗa ni da wata likita 'yar Kenya, doguwa mai saurin tafiya, kowa Dakta yake ce mata.

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake, don a fahimci abin da ya biyo baya. Ni ne wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa, zai ce maka, “A agogona dai biyu saura kwata, amma ka ƙara duba wani.” Malamin da ya duba kundina na ƙarshen karatu ya taɓa ce mini ya ƙirga “mai yiwuwa” a shafi guda har ya gaji ya tafi shan shayi. Ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba fiye da yadda wasu ke tsoron kare. Ga shi kuma a ranar farko Dakta ta zaunar da ni ta ce, “Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi wa kowa alkawarin da ni ban yi ba.” Na rubuta wannan a shafin farko na kayena, wato littafin rubutuna, na ja masa layi biyu. (Kayen nan yana nan har yau. Matata ta ce in ba don shi ba da ɗakinmu ya fi faɗi.)

Kalmar da ta ja mini abin nan kuwa na san ta sarai. Kalmar Ingilishi ce, “reassure”. Tun a shekara ta biyu muka yi ta. Ma'anarta ka faɗa wa mutum wani abu, ko ka yi masa wani abu, da zai cire masa tsoro ko shakka, hankalinsa ya dawo jikinsa. Ba ta tafiya ita kaɗai, sai da wanda ake yi wa: uwa ce, ko majinyaci, ko fasinja. Tana da 'yar'uwa a Faransanci mai kama da ita, a Hausa kuma “kwantar da hankali” ya ɗauke ta tsaf. Na ci maki mai kyau a kanta. Har jimla na tsara a jarrabawa game da matuƙin jirgin sama da fasinjojinsa, ni da ban taɓa taka ko matakalar jirgi ba.

To, ran nan da safe aka shiga da wani tela mai suna Sanusi, wanda ke da shago a Babbar Kasuwa. Ƙaba ce za a yi masa aikinta. Mahaifiyarsa, Inna Hadiza, ta zo tun daga Dogon Dutsi saboda aikin, tsohuwa 'yar siririya mai lulluɓi shuɗi. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro a farfajiya, inda dangin marasa lafiya ke zama. Wanda ya kawo ta shi ne Alhaji Garba, babban telan da Sanusi ya koyi ɗinki a hannunsa. An ce musu aikin awa ɗaya ne. Aka yi awa ɗaya, aka yi biyu, aka shiga ta uku. Duk sanda na wuce ta baranda sai in ga idon Inna a kan ƙofa.

Wajen sha biyu Dakta ta fito tana cire safar hannu. Ta ce mini (da Ingilishi, ni ke mayarwa yanzu), “Aikin ya yi kyau. Ya ɗauke mu lokaci, jini ya ɗan ɓalle amma mun tsayar da shi. Bai farka ba tukuna, maganin barci bai sake shi ba, nan da awa ɗaya ko biyu za su gan shi. Tsohuwar can tun safe take kallon ƙofar nan. Je ka...” sai ta faɗi kalmar tamu. Ta juya ta koma ciki, wani na jiran ta.

Na ji daɗi har cikin raina. Kwana da kwanaki ina fassara “buɗe baki” da “ina ke ciwo”, yau ga aiki na gaske, kuma kalma ce da na ci maki a kanta.

Ina juyawa sai wata ma'aikaciya ta tare ni da kaya a hannu. “Tunda wajen danginsa za ka, kai musu kayansa, sun tare mana benci.” Riga ce da wando da hula da takalma, da abin awonsa na tela yana leƙowa daga aljihu. A cukurkuɗe ta ba ni. Ni kuwa ba na iya kai wa dattijuwa kaya a cukurkuɗe. Na tsaya na ninke rigar, na ninke wandon, na ɗora takalman, na kifa hular a sama. Na riƙe da hannu biyu.

Daga baranda zuwa bishiyar bai fi taku arba'in ba. Na yi su a hankali, kaina a sunkuye, domin ina tsara bayani. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san yadda aka horar da mu: gabatarwa, sannan gundarin magana, sannan kammalawa. Ba ka fara da sakamako. Wanda ya fara da sakamako jan biro yake sha. Don haka na shirya zan fara da hatsarin aikin fiɗa gaba ɗaya, in bi da abin da ya faru daki-daki yadda ya faru, sannan in rufe da labari mai daɗi, ya zama shi ne zai zauna mata a rai. A ganina dabara ce. (Ina roƙon mai karatu ya tsaya nan ya kalle ni yadda mutanen farfajiyar suka gan ni: saurayi da farar riga ta asibiti, fuska a murtuke, yana tafe kamar mai taka ƙwai, ɗauke da kayan majinyaci a ninke, hula a sama. Ni kaɗai ne ban ga hoton nan ba.)

Na isa bakin tabarma na cire takalmina. Na durƙusa. Na ajiye kayan a gabanta a hankali.

“Inna, ina wuni?”

“Lafiya lau, ɗana.”

“Ina gajiya? Ya zafi? Ya mutanen gida? Ya jira?”

Tana amsawa, amma idonta na kan hular.

Sai wani tunani ya zo mini, irin nawa: in na yi bayanin likita ga tsohuwa ita kaɗai, wataƙila wani abu ya ɓace a hanya, gara a sami shaida. Na rage murya, don kada sauran mutane su ji sirrin majinyaci, na ce, “Inna, ko akwai wani babba namiji da kuka zo tare? Na fi son ya kasance a kusa kafin in yi magana.”

Wata mata a tabarmar gefe ce ta tashi da sauri ta kira Alhaji Garba daga wajen mai shayi. Ya zo, ya dubi kayan, ya dube ni, ya cire takalmi shi ma ya zauna.

Na gyara murya. “Inna, da farko dai ki kwantar da hankalinki. Likita ce ta aiko ni. Kin san duk aikin fiɗa, komai ƙanƙantarsa, ba a rasa hatsari a ciki, kuma rai a hannun Allah yake. An shiga da Sanusi da safe kamar yadda kika gani. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata. Ana cikin yi, sai jini ya ɓalle. Likita da mutanenta sun tsaya a kansa, sun yi iyakar ƙoƙarinsu...”

Hannun Alhaji Garba ya sauka a kafaɗata. “Ya isa, malam. Mun gane.”

“Alhaji, ban kai ƙarshe ba.”

“Ba sai ka kai ba. Mun san nauyin abin da aka ɗora maka. Allah ya saka da alheri.”

Wallahi sai da maganar ta taɓa ni. Na ce a raina, yau ga mutumin da ya san wahalar aikin tafinta. Na ga leɓunansa na motsi, na ɗauka godiya yake yi wa Allah. A wajenmu, wanda aka aiko da labarin rasuwa ba a barin sa ya furta kalmar, ana tare shi ne don a sauƙaƙa masa. Na san haka. Na girma ina ganin haka a Damagaram. Amma a lokacin hankalina yana kan kammalawata da aka katse, ina tunanin ko in saƙa ta ta wata hanya.

Inna ta ɗauki hular ta ɗora a cinya. Muryarta ba ta ko rawa. “Ya sha wuya?”

“A iya sanina, Inna, bai ji komai ba.”

“Ya ce wani abu?”

“Ba na ciki a lokacin. Ba zan so in faɗi abin da ban ji da kunnena ba.”

Ta gyaɗa kai. “Yaushe za mu gan shi?”

“Likita ta ce nan da awa ɗaya ko biyu. Amma kada ki riƙe ni a kan lokacin.”

“Na gode, ɗana. Allah shi yi maka albarka.”

Daidai nan aka ƙwala mini kira daga baranda, ana neman tafinta. Na sa takalmi na koma da sauri. Ina waiwaye na ga Alhaji Garba ya koma gefe ya kara salula a kunne, Inna kuwa tana zaune cak, ko gezau. Tun safe take zumbur-zumbur, yanzu ga ta shiru. Na ce aiki ya yi.

Dakta ta tambaye ni ko na yi abin da ta ce. Na ce, “Na yi. Ta natsu ƙwarai, ko motsi ba ta yi.” Ta ce madalla. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ba da amsa ba tare da “mai yiwuwa” ba.

Na yi kamar minti arba'in ina fassara wa wani dattijo yadda zai sha magani. Sai na fara jin ƙarar babura a waje, ɗaya bayan ɗaya. Ban kula ba. Can sai ga Madam Esta a bakin ƙofa. Ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a wurin, Kirista ce 'yar Dogon Dutsi, ta kusa ritaya, kuma ko darakta yana gyara tsayuwa in ta shigo. Tun ranar farko ta raɗa mini suna Angile, wato mai Ingilishi.

“Angile, zo nan.”

Na zo.

“Wa ya mutu?”

“Mutuwa? Babu wanda ya mutu, a iya sanina.”

“A iya saninka. To zo ka gaya wa telolin Babbar Kasuwa, ga su can da yadin likkafani.”

Ban san yadda na isa baranda ba. Farfajiya ta cika. An ƙara tabarmi, maza sun zauna sahu-sahu, hannuwa a sama ana addu'a. Na ce sun kai ashirin, wasu sun ce ba su kai ba. Wani yana riƙe da farin yadi a hammata, an riga an yanka (teloli ne, ba sa jiran awo, sun san tsawon Sanusi). An rufe shaguna da tsakar rana, ana gab da salla, lokacin da tela ko abinci a kan keke yake ci. A tsakiyar mata kuma ga Inna Hadiza, ta ja lulluɓi ta rufe fuska, hular ɗanta a hannu.

Duk abin da na yi ya dawo mini a jere: ninkin kaya, tafiyar, durƙuson, “babba namiji”, “iyakar ƙoƙarinsu”. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa. Na bi kowace jimla na duba, duk gaskiya ce. Kuma da gaskiyar nan na kashe wa tsohuwa ɗa.

Madam Esta ba ta sauka daga baranda ba. Daga nan inda take, hannu a ƙugu, ta ɗaga murya yadda har mai shayi sai da ya juyo.

“Inna Hadiza, ɗanki Sanusi na nan da ransa. Munshari yake yi ya hana mu aiki. Tashi ki zo ki gani.”

Hannuwan addu'a suka tsaya a sama. Mai likkafani ya mayar da yadin bayansa a hankali. Amma Inna ba ta motsa ba. Wannan shi ne wurin da har yau in na tuna ba na iya dariya.

Ta buɗe fuska kaɗan ta ce, “Ɗiyata, kada ki yi mani haka. Na riga na bar ma Allah.”

“Inna, wallahi da ransa.”

“Wanga yaro mai ilimi ya zo har tabarma ya gaya mani. Ga kayanai.”

Madam Esta ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta sauka ta je ta tsuguna, ta kama wuyan hannun Inna tana jin bugun jini, tana yi mata magana da harshen garinsu, tana tambayar ta ɗiyar wane gida ce, wace unguwa. Sannan ta ɗaga ta. “Ba zan ce ki yarda da ni ba. Zo ki taɓa shi.”

Ba a shigar da dangi ɗakin da majinyata ke farfaɗowa. Sai da izinin Dakta. Kuma wa zai nemo izinin da Ingilishi? Ni. Na same ta tana wanke hannu, na ce an sami 'yar matsala, mai yiwuwa daga wajena. Ta ce, “Me ka gaya mata? Faɗa mini daidai yadda ka faɗa.” Kada ka ƙara, kada ka rage. Haka na tsaya na fassara abin kunyata jimla-jimla, har da ninkin kaya, har da neman babba namiji, na kuma yi mata bayanin abin da kowanne ke nufi a wurinmu, domin ba za ta gane ba sai an faɗa. Ina jin ita ce fassara mafi inganci da na yi a makonnin nan biyu. Dakta ta rufe baki da bayan hannu. Ban sani ba ko dariya ta danne ko wani abu. Ta fita da kanta ta kama ɗaya hannun Inna.

Sanusi na kwance, baki a buɗe, yana munshari kamar yadda aka faɗa. Inna ta tsaya daga nesa ta ƙi matsawa. Dakta ta ja hannunta ta ɗora a kan ƙafarsa. Na ga yatsunta sun damƙe ƙafar, tana jin ɗumi. Ta hau da hannun zuwa ƙirji ta bar shi nan yana hawa yana sauka.

“Sanusi,” ta ce.

Ya buɗe ido ɗaya da ƙyar. Ya dube ta ya daɗe. Ta taga ana jin muryoyin abokan aikinsa. Ya ce, harshe na harɗewa, “Inna... muryar su Alhaji nake ji? Wa suka bar wa shago?”

A nan ne ta yi kuka. Duk tsawon lokacin da ta yi tana zaton ya mutu ba ta zubar da hawaye ba, sai yanzu. Madam Esta ta zaunar da ita a kujera, ta auna tansiyonta, ta ga jininta ya hau sosai, ta sa aka kwantar da ita a gadon gefe. Uwa da ɗa suka kwanta ɗaki ɗaya, ɗaya saboda ƙaba, ɗaya saboda ni.

Da na fito, zaman makoki ya koma wani abu dabam. An sayo shayi, ana ta dariya, wasu sun riga sun hau babura za su koma buɗe shago. Alhaji Garba yana ta kiran waya, domin ashe ya riga ya sanar da Dogon Dutsi, an ce har wasu sun nufi tasha. Na je na tsaya gabansa ina neman ta inda zan fara. Ya sauke wayar ya ƙare mini kallo.

“Malam, shekara talatin ni ake aika kai labarin rasuwa a layinmu. Ban taɓa ganin wanda ya iya kamar kai ba.”

“Alhaji, ka yi haƙuri, niyyata...”

“A'a, yabo ne. Wannan ninkin hula, a ina ka koya? In an yi mana rashi nan gaba kai za mu nema.”

Mai likkafani ya ce, “To yadin fa, Alhaji? An riga an yanka.”

“A yi wa malam jallabiya.”

Suka fashe da dariya. Wani Bazabarme a cikinsu ya dafa ni ya ce, “Kala suuru,” wato sai haƙuri, yana share hawaye. Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Da la'asar Madam Esta ta same ni a bayan farmasi, inda na ɓuya ina yi kamar ina duba kaye. Ta zauna kusa da ni tana cin gyaɗa.

“Ka yi tunanin za a kore ka?”

“Mai yiwuwa.”

“Ba za a kore ka ba, babu wani Angile. Amma saurara. Mai jira a ƙarƙashin bishiyar can, ba bakinka yake saurare ba. Tun ka fito ƙofa ya gama karanta ka: ƙafarka, fuskarka, abin da ke hannunka. In lafiya ce, ka faɗa daga nesa, a tsaye, da ƙarfi, kowa ya ji. Kuma ka ba su aiki. Ka ce a dama kunu, a kawo zane mai tsabta. Wanda aka ce ya dama kunu ya san akwai mai sha.”

“Amma Madam, in na ce lafiya lau, daga baya wani abu ya faru fa?”

“In ya faru ka je ka durƙusa, ai ka iya. Yanzu dai lafiya ce, ka faɗi ta yanzu.”

Na rubuta. Ta ce in daina rubutu in tashi in je in ba tsohuwa haƙuri.

Na sami Inna ta tashi zaune a bakin gado, tana yi wa Sanusi fifita da murfin kwali. Na cire takalmi zan durƙusa.

“A'a,” ta ce. “Tsaya a tsaye. In na ga ka durƙusa gabana ya faɗi.”

Na tsaya, hannuwa a baya kamar ɗan makaranta. Na fara bayani, cewa niyyata alheri ce, cewa na so in bi tsari, cewa labari mai daɗin yana ƙarshe. Ta bar ni na gama, wannan karon babu wanda ya katse ni.

“Uwarka na da rai?”

“Tana nan, Inna, a Damagaram.”

“In ka je gida, mi kake fara ce mata?”

Na yi tunani. “Ina gaishe ta.”

“Kafin gaisuwa. Tun daga zaure.”

“Ina cewa, Inna, ni ne.”

“To. Ka ga ba ka fara da hatsarin mota ba.” Ta ci gaba da fifita. “Na yafe maka, ɗana. Ba ka yi don mugunta ba, na gani a idonka. Amma yau na binne wanga yaro a zuciyata, na zaɓi inda za a sa shi, kusa da ubanai. Sai na ɗan kwana biyu kafin in tono shi duka. Kada ka sake yi ma wata uwa haka.”

Na ce to. Shi ne “to” mafi gajarta da na taɓa yi.

Sauran kwanakin, Madam Esta ta yanke mini hukunci: duk aikin da ya yi kyau, ni zan sanar, daga baranda, ita tana tsaye a bayana. A karon farko na ɗaga murya na ce, “Dangin Malam Hassan, aiki ya yi kyau, a iya...” sai na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina. Na haɗiye sauran. Na ce, “A dama kunu.” Wata mata ta tashi da gudu tana neman tukunya, tana dariya, zanenta na kwancewa. Na tsaya ina kallon ta. Shekara uku na yi da kalmar nan a kaye, ranar na ga yadda take a jikin mutum.

Yanzu ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare, kuma in muka zo kan kalmar nakan ba da ma'anarta yadda take a ƙamus, domin ita za a tambaya a jarrabawa. Sannan in ƙara musu abin da ba za a tambaya ba: ba kai mai magana ke yanke hukuncin ka kwantar wa mutum da hankali ba, shi ne ke yankewa, kuma shirunsa ba hujja ba ce. Har yanzu ina cewa “mai yiwuwa” fiye da kima, ban warke ba. Na dai koyi cewa in mutum yana jiran ya ji ko nasa na da rai, ba a sa shi ya saurari gabatarwa.

Mutane da yawa sun ga abin nan, kuma na san ba za mu tuna shi iri ɗaya ba. An ce mini akwai masu ba da labarin a Babbar Kasuwa suna cewa har hawaye na yi a bakin tabarma, wasu kuma sun ce ni na fara jan addu'a. Ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. Duk wanda yake wurin, tela ne ko ma'aikacin asibiti ko mai jiran nasa majinyaci, in ya ga na rage ko na ƙara, don Allah ya aiko mini da gyara. Roƙona ɗaya ne: in abin bai fi yadda na faɗa muni ba, ya faɗi haka tun a layin farko, gaisuwa ta biyo baya.